Na Yi wa Ɗan Aminiyata Addu'a, Ta Sauka a Kan Gwiwar Autana

Daga admin: Wata baiwar Allah ce ta aiko, ta ce a sakaya sunanta. Uwa ce, mai ba ta amsa ya tausasa harshe.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da yara. Don girman Allah ku ba ni shawara, abin duniya ya cunkushe mini, na rasa wanda zan faɗa wa ya saurare ni har in kai ƙarshe. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Wata nas da take haya a gidana a nan Gyaɗi-Gyaɗi ita na zaunar, ina faɗa tana dannawa a waya, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana, yadda na faɗa haka za ta sa. Sunayen da za ku ji duk na canza su.

Maigidana Malam ya rasu bara waccan, Allah ya jiƙansa. Direba ne, ya yi ritaya kafin ciwon ya kama shi. Har yau idan na ji an taɓa ƙofar gida da yamma sai gabana ya faɗi in ɗauka shi ne. Na ambace shi ne don da yana raye da wannan abu bai same ni ba, shi ne yake gane harkar yaran nan, ni ban gane komai a cikinta ba.

'Ya'yana biyu suka rage, babbar Rabi tana aure a Unguwar Gano, sai autana Habibu, wanda na haifa bayan kowa ya gama cewa na daina haihuwa. Ina kuma da aminiya a Tarauni, zan kira ta Hajiya Laure, tun muna amare muke tare, Yaya take ce mini. A wata ɗaya muka haihu, ni Habibu ita Nasiru. Ta kwanta ciwo bayan haihuwar, nono ya ƙi zuwa, aka naɗo mini Nasiru a zani aka kawo. Na shayar da su tare, wannan a dama wannan a hagu, har aka yaye su. Saboda haka Nasiru ɗana ne ko a shari'a, Inna yake ce mini, mahaifiyarsa kuma Hajiya. Suka tashi ƙatti majiya ƙarfi, Malam yana yi musu tsiya yana cewa ba nono na ba su ba, siminti na dama musu.

Da ƙwallon kwando suka fara a wani fili wajen titin gidan zu, wani koci ya gan su, aka kai su gwaji Legas, daga nan aka samar musu makaranta a Amurka. A can aka ce jikinsu ya fi dacewa da wata irin ƙwallo tasu ta can, wadda ake sa hular kwano a rungume ƙwallon kamar gwanda a yi ta gudu ana karo kamar raguna. Wurin da suke tsayawa wai sunansa layinbaka, wato suna bayan sahun farko na masu tsaron gida, duk wanda ya ɓullo da ƙwallo aikinsu su cafke shi su kayar. Habibu ya riga Nasiru samun babban kulob, har ana nuna shi a talabijin. Nasiru ya yi ta yawo, nan a ɗauke shi can a sallame shi, sai Habibu da kansa ya yi masa magana wurin kocinsu, aka ɗauke shi a cikin yaran da ake atisaye da su amma ba a sa su ranar wasa. Da Malam yake kallon wasan ni ina tsakar gida, ba na iya ganin ana buga ɗana da ƙasa, shi zai leƙo ya ce mini, “Kwantar da hankalinki, naki ne yake kayar da na wasu.”

To ga inda abin ya faro. Wajen ƙarshen damina Hajiya Laure ta zo gidana tana kuka. Ta ce matan layinsu sun sa ta a gaba, kullum sai a ce mata, “Hajiya, wai ɗan naki a Amurka yake ƙwallo, ko ruwa yake ɗebo musu? Mu dai ɗan Gyaɗi-Gyaɗi muke gani.” Ta ce yaron ya fara cewa zai haƙura ya nemi aikin gadi. Ta ce Yaya ki taya ni, bakin uwar da ta shayar ba ya faɗuwa ƙasa. Ni kuma zuciyata ta karye, ɗana ne fa. Muka ɗauki azumin Litinin da Alhamis tare, duk Juma'a muna sadaka. Kuma muka yi bakance a kan tabarmata, ita ta ce ranar da Nasiru ya shiga fili za ta yanka rago ta yi walima, ni na ce wainar walimar da hannuna zan soya, ba zan bari kowa ya taɓa tandar ba. Duk unguwa an san ni da waina, da ita na taya Malam riƙon gida.

Addu'ar da nake yi bayan kowace salla, nas ki rubuta ta daidai, ita ce: Allah Ka buɗe wa Nasiru ƙofa, duk abin da ya tare masa hanya Ka kawar da shi. Haka iyayenmu suka koya mana roƙo, haka na yi wa Rabi lokacin da haihuwa ta yi mata jinkiri. Ni a tunanina abin kamar adaidaita sahu ne, in ɗan'uwanka ya zo sai ka matsa ya zauna, su biyu su yi ta kayar da mutane tare. Ban san mutanen ƙidayayyu ne ba. Ban san Nasiru a bayan Habibu yake tsaye kai tsaye ba, yana jiran gurbinsa. Ashe abin da ya tare wa Nasiru hanya ɗan cikina ne, ni kuma ina ɗaga hannu da bakin azumi ina cewa a kawar da shi.

Akwai ranar da na faɗa wa Habibu a waya, ina ta murna, na ce mun tasa Allah a gaba sai ɗan'uwanka ya shiga fili. Ya yi dariya har yana tari, ya ce, “Inna, ki dai roƙa mana lafiya mu duka.” Da ya buɗe baki ya yi mini bayani ai da na canza lafazi. Amma yaran zamani gani suke tsohuwa ba za ta gane ba, sai dariya. Wannan ma yana cikin abin da yake ƙona mini rai.

Wata Lahadi, wasan nasu yana farawa ne daidai magaribarmu, ina kan sallaya da carbi a hannu Rabi ta kira tana ihu. Mijinta yana kallo, ya ga an fitar da Habibu a kan ƙaramar mota, ya rufe fuska da tawul. Jijiyar gwiwa ce ta tsinke. An yi masa aiki, likitoci sun ce bana dai babu shi babu ƙwallo. Mu a nan ko akuya ce ta karye ana ɗan jimami, amma waɗannan mutane kafin ɗana ya farfaɗo daga allurar barci har sun sanar da wanda zai maye gurbinsa. Rabi ta zo ta tsaya a kaina ta ce, “Inna kin san wa aka sa? Ɗan naki na Tarauni. Addu'arku ta karɓu, sai ki tashi ki yi guɗa.” A nan ta warware mini yadda tsarin yake. Na dafa bango na zauna.

Washegari Hajiya Laure ta zo jaje da lemo da kankana, ta zauna muka yi kuka tare, ba zan yi mata ƙarya ba, hawayenta na gaske ne. Amma tana kan tabarmata wayarta ba ta huta ba, 'yan barka ne suke ta kira. Tana kashewa tana kashewa, sai ɗaya ta ɗauka, ina jin ƙanwarta ce, na ji ta ce, “Alhamdu lillahi, ai addu'a ba ta faɗuwa ƙasa,” sai ta tuna inda take ta toshe baki da mayafi. Ba ta ƙara minti nawa ba ta yi sallama. Tun daga ranar gidana ana shigowa ana cewa sannu, gidanta ana shiga ana cewa barka, kuma mutanen ɗaya ne, daga nan suke hawa adaidaita su wuce can. Wata ma a bakin ƙofata na ji tana ce wa 'yar'uwarta su yi sauri kada a gama rabon goro a Tarauni.

Rabi ta kafe cewa Hajiya ta san komai tun farko, don babban ɗanta ba ya barin wasan ya wuce shi. Ba da sanina ba ta tafi Tarauni ta zazzage musu, ta ce an yi amfani da bakin uwarta an karya ƙaninta. 'Yar Hajiya ta mayar mata, ta ce su ba su da hannu a Amurka, in gwiwar ta ƙwarai ce me ya sa ta tsinke, kuma Habibu nawa ya kayar suka karye ba wanda ya je jaje gidan uwarsu. Aka yi ta, har maƙwabta suka shiga tsakani. Rabi da 'yar Hajiyar nan da suka tashi suna cin tuwo kwano ɗaya yanzu ko gaisawa ba sa yi.

Ni ba na son jita-jita, na yafa mayafi na je da kaina. Na same ta a ɗaki na ce Laure tsakaninki da Allah, kin san wuri ɗaya suke nema? Ta ce ta sani. Amma wai ita a ranta ta ɗauka wani kulob ne zai zo ya ɗauke Habibu ya ƙara gaba, Nasiru ya samu wurin, kowa ya ci riba, ciwo bai taɓa zuwa mata a tunani ba. Na ce to me ya hana ki faɗa mini in san irin roƙon da zan yi? Ta ce ta ji tsoron in ta faɗa zan ja baya. Na ce kin ji ni ina cewa a kawar, kina cewa amin. Sai ita ma ta tashi da nata, ta ce, “Yaya, shekara nawa ina zuwa gidanki ina miki guɗa ana nuna ɗanki, in koma gida in kwanta da nawa baƙin cikin? Ni ba uwa ba ce? Ko nonon da kika ba shi kike so ya biya da zama a benci har ya tsufa?” Wannan magana ta nono ita ta fi soke ni. Ban taɓa yi mata gori a kansa ba, ko a mafarki. Na tashi na fito, takalmina ma a hannu na riƙo shi har bakin titi.

Abin da ya ƙara rikita ni kuma shi ne su yaran babu komai tsakaninsu. Da aka kira ni ta bidiyo, ga Habibu a kwance da ƙafa a ɗaure, ga Nasiru a gefensa yana ba shi abinci. Shi yake kai shi asibiti, shi yake taimaka masa ya yi alwala. Habibu kuma yana kwance yana koya masa dabarun wurin, yana nuna masa a talabijin yana cewa in wancan ya yi nan kai ka yi can. Na ce Auta, kai da bakinka kake koya masa yadda zai zauna a wurinka? Ya ce, “Inna, in ba shi ba wani za a sa, gara nawa.” Ya faɗa yana murmushi, amma ni na haife shi, na ga idonsa. Kuma mijin Rabi ya gaya mini yarjejeniyar Habibu da kulob ɗin bana take ƙarewa, in Nasiru ya riƙe wurin da kyau, ko ƙafar ta warke ba lalle a waiwaye shi ba. Ga shi kuwa ya riƙe. An ce a wasansa na farko har ƙwallo ya ƙwace, mutane suka tashi tsaye.

Kafin wannan wasan Nasiru ya kira ni shi kaɗai. Ya ce, “Inna, yau zan shiga, ki sa mini albarka.” Jama'a, yaron da na goya, na yi masa tsarki, na tauna abinci na sa masa a baki. Na buɗe baki albarkar ta ƙi fitowa. Da ƙyar na ce Allah ya tsare. Ya jira sauran, da ya ji babu sai ya ce, “Amin Inna, na gode,” da wata irin murya ƙasa-ƙasa. Tun daga nan bai sake kirana shi kaɗai ba. Me yaron nan ya yi mini? Ba shi ya karya Habibu ba, wani ƙaton da ban san sunansa ba ne ya faɗo masa a ƙafa. Amma na kasa.

Na kai maganar wurin malamarmu ta Islamiyya. Ta ce ƙaddara ce, abin da aka rubuta tun kafin a haife su, Allah ba ya kama bawa da abin da bai nufa ba, kuma Ya fi ni sanin abin da ke zuciyata lokacin da nake roƙon. Batun bakance kuma ta ce abin da na roƙa ya tabbata, cikawa ita ce gaba, in kuma na ga ba zan iya ba akwai kaffara irin ta rantsuwa. Na yarda da maganarta, kaina ya ɗauka, amma ƙirjina bai ɗauka ba. Nas ɗin nan ma ta yi ta nuna mini da hannu yadda jijiyar take, ta ce kullum suna ganin irin wannan a asibiti har ga waɗanda ba wanda ya yi musu addu'a. Na ce na ji, amma ke ba ki yi azumi a kai ba.

Yanzu ga inda nake. Hajiya Laure ta sa walimar ranar Asabar mai zuwa, ta ce bakance ne ba za ta iya ɗage shi ba, an riga an sayi ragon. Shekaranjiya mai adaidaita ya sauke mini shinkafar waina da jarkar mai a zaure, da saƙon cewa in ba zan iya ba babu komai, ta fahimta. Ko gaisuwa ba ta haɗo da shi ba. Rabi ta ce wannan cin fuska ne, ta rantse in na kunna wuta a ƙarƙashin tandar nan ita da gidana sai dai a lahira, wai zan soya wainar murnar karyewar ɗana mutane su ci su yi santi. Na tambayi Habibu, ya ce, “Inna ki je mana, ki ci nama ki ci nawa,” sai ya ce barci yake ji ya kashe wayar. Wanda zai ce mini yi kaza in yi ba tare da na waiwaya ba yana maƙabarta. Jiya na zauna a gefen gadonsa na yi ta yi masa magana kamar mahaukaciya, na ce Malam ka tafi ka bar ni da abin da ban iya ba.

In na je, da wace fuska zan zauna ana guɗa, matan da suka zo mini jaje suna miƙo faranti suna cewa Inna ƙara mana? Kuma in rasa Rabi, ita kaɗai ce take leƙo ni. In ban je ba, na san halin Laure kuma na san nawa, zumuncin da muka faro tun muna amare ya ƙare ke nan, kuma labari zai kai wa Nasiru cewa uwar da ta shayar da shi ta ƙi murnarsa. Shi ne fa mai ɗaga ɗana ya kai shi banɗaki a ƙasar da ba mu da kowa. Na yi tunanin in soya in aika ban je ba, sai na ga kamar na raba ɗaya biyu ne na ɓata wa kowa. Na yi tunanin kaffarar, sai na ce to na fita tsakanina da Allah, tsakanina da yaron fa?

Abin da ya fi duka, wanda ban faɗa wa kowa ba sai ku, tun ranar nan ban ƙara yi wa ɗayansu addu'a da suna ba. In na ce Allah Ka tashi kafaɗar Habibu Ka mayar da shi wurinsa, Nasiru nake cewa a fitar, kuma na riga na ga yadda ake fitar da mutum a wannan wasa. In na ce Allah Ka tabbatar da Nasiru, na rufe wa autana ƙofa da bakina karo na biyu. Sai in ɗaga hannu in yi ta kallon tafina har ya gaji in shafa haka nan. Ni da na shayar da su a zama ɗaya, yau na rasa kalmar da za ta ɗauke su su biyu.

Don Allah iyaye mata da ke cikin nan, da malamai, da ku samarin da kuka san wannan ƙwallon, ku faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Laure ta cuce ni ne, ko uwa ce kawai ta yi abin da ni ma zan iya yi? In kira Nasiru in ba shi albarkar da na hana shi, ko in bari sai zuciyata ta sauko? Kuma wace addu'a uwa take yi wa 'ya'ya biyu da wuri ɗaya? Nas za ta karanta mini duk abin da kuka rubuta, na ce kada ta tsallake ko na zagi ne. Sai dai ku hanzarta, waina ba a yin ta a tsaye, in za a soya ranar Asabar dole shinkafar ta sha ruwa tun Juma'a. Tana nan a zaure inda aka sauke ta, kullum sai na raɓa ta in fita. In jiƙa, ko in mayar mata da abinta?